Shin Ko Kun San? Daga Tukunyar Fotugal Zuwa Gonakin Matazu

In aka ambaci Fotugal a majalisar samari a Matazu, sunan Cristiano Ronaldo ne zai fara fitowa. Ba kowa ya san cewa tsakanin tukunyar mutanen ƙasar da gonakinmu akwai alaƙar da ta haura shekara 500 ba. Ga kaɗan daga ciki.

Shin ko kun san abincin da mutanen Fotugal suka fi tinƙaho da shi busasshen kifi ne mai gishiri, sunansa bacalhau? Sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana sauya masa ruwa kafin ya dafu. Suna cewa suna da hanyoyin dafa shi 365, kowace ranar shekara da nata. Amma ba a tekunsu ake kama shi ba. Yawancinsa daga Nowe da Aisland ake kawo musu. Ɗan'uwa ne ga kifin nan mai taurin itace da Ibo ke kira okporoko, sai dai shi okporoko ba a sa masa gishiri.

Shin ko kun san su ma suna da miyar ganye? Sunanta caldo verde, daga yankin Minho na arewacin ƙasar. Dankalin Turawa ake dafawa a dame, a zuba ganyen kabeji da aka yanka siriri kamar zare, a ɗiga man zaitun, a sha da burodin masara mai suna broa. Musulmin da ya je baƙunci ya yi tambaya kafin ya kai cokali baki, domin galibi ana yanka naman alade a ciki.

Shin ko kun san Musulmi sun yi mulki a ƙasar daga farkon ƙarni na 8 har zuwa 1249, kuma sawunsu yana nan a kicin? Man zaitun azeite mutanen Fotugal suke ce masa, shinkafa arroz, sukari kuwa açúcar, duk daga Larabci. Ashe kalmominmu na sukari da zaitun uwa ɗaya suka fito da nasu. Larabawa kuma suka rama: lemon zaƙi burtuƙal suke kiransa, da sunan Fotugal.

Shin ko kun san rogo baƙo ne a ƙasarmu? Jiragen Fotugal sun isa Birazil a 1500, suka tarar da mutanen can na nomansa, sai suka kwaso shi zuwa gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16. Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Dabarar gurza shi, a matse ruwan, a soya, ita ma daga Birazil take. Bayin da suka sami 'yanci suka dawo Legas a ƙarni na 19 sun taimaka wajen yaɗa ta. Garin kwakin da ɗan makarantar kwana ke jiƙawa da ƙuli-ƙuli, daga nan salsalarsa take.

Shin ko kun san ita ma gyaɗa 'yar Amurka ta Kudu ce, ta wannan hanyar ta shigo? Tamu ta asali ita ce kwaruru, wadda wasu ke kira gurjiya. Baƙuwa ta zo ta karɓe gida: ga man gyaɗa, ga tunkuza, ga kunun gyaɗa na buɗa-baki, ga dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita bayan isowar jirgin ƙasa. Kashu ma daga Birazil 'yan Fotugal suka yaɗa shi, kuma sunan daga kalmarsu ta caju ya samo tushe.

Shin ko kun san kakanninmu na dauri ba su san barkono ba? Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya su ne yajinsu. Da ɗan Fotugal João Afonso de Aveiro ya isa masarautar Binin wajen 1485, masoro ya ɗauka ya kai Lisbon a matsayin haja mai daraja. Daga baya jiragensu suka kawo wa Afirka barkono daga nahiyar Amurka. A Mozambik da Angola aka haɗa shi da tafarnuwa da lemon tsami aka gasa kaza, aka sami kazar piri-piri, wadda yau take cikin manyan abincin Fotugal.

Shin ko kun san sunan masara yana ba da labarin tafiyarta? Asalinta Meziko. 'Yan Fotugal sun kawo ta bakin teku, amma sunan da Bahaushe ya raɗa mata yana nuna Masar, alamar cewa ta hanyar fataken Sahara ta iso mana. Ta daɗe tana zaman amfanin bayan gida, ana gasawa da damina. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, shi ya kawo ingantaccen iri da takin zamani ya mai da ita babbar haja. Duk wanda ya ga buhunan da ake lodawa a kasuwar Dandume da kaka ya ga sakamakon. A kudancin Fotugal kuwa, yankin Algarve, suna dama garin masara ya yi kauri kamar fate, su kira shi xerém.

Shin ko kun san ana toya ƙosai a Birazil? A birnin Salvador na jihar Bahia mata na zama bakin titi suna toya markaɗaɗɗen wake cikin manja, sunansa acarajé. Labarin mai ciwo ne: jiragen da suka kawo mana rogo su ne suka kwashi miliyoyin 'yan Afirka cikin sarƙa. Har da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a Bahia a 1807, suka sake tashi a 1814. Wake da kuɓewa da manja tare da waɗannan bayin Allah suka ƙetare teku.

Shin ko kun san fitaccen kayan zaƙin mutanen Fotugal daga ragowar ƙwai aka ƙirƙiro shi? A gidajen ibadar Kirista ana sa wa tufafi sitaci da farin ƙwai, gwaiduwa ta yi ta taruwa. Sai aka haɗa ta da madara da sukari aka gasa, aka sami pastel de nata. Shagon unguwar Belém da ke Lisbon yana sayar da shi tun 1837.

Shin ko kun san waɗanne ne namu na gado? Gero, dawa, wake, acca, kuka, daddawar kalwa da yakuwa. Babu jirgin da ya kawo su. Mutanen Fotugal sun riƙe kifin da ba ma a ruwansu ake kama shi ba har duniya ta san su da shi. Mu da Allah ya ba tsirran da ke jure fari a ƙasarmu ta haihuwa, mun fi su hujjar riƙo. In damina ta kama, manomin Matazu ya shuka masararsa da gyaɗarsa, amma ya bar wa gero da dawa kunyoyinsu.