C300: Motar ƙawa da gyaranta ke ƙarar da aljihu a Haɗejiya

A ranar ɗaurin aure ko hawan Sallah a Haɗejiya, da wuya a rasa Mercedes-Benz C300 cikin motocin da ke fake a ƙofar gida. Da dama daga cikinsu ƙirar 2008 zuwa 2014 ne, waɗanda kamfanin ke kira W204, an shigo da su na hannu daga Amurka ko Turai. Tsufa ya sauke farashinta har matashin ɗan kasuwa ko ma'aikaci na iya saye, amma kuɗin gyaranta na nan a sama.

Matsalolin da take zuwa da su

Wadda ta fi shahara ita ce ta makullin sitiyari mai aiki da lantarki. Sai mutum ya sa makulli ya murɗa, motar ta yi shiru kamar batir ya mutu, alhali wata 'yar na'ura ce a jikin sitiyarin ta ƙone. Gyaran na buƙatar mai kwamfuta da zai daidaita sabon kayan da makullin motar.

Ta biyu ita ce giyarta mai hawa bakwai, 7G-Tronic. Idan farantin lantarkin da ke cikinta ya fara lalacewa, motar kan riƙa fizga ko ta maƙale a giya ɗaya. Ita ma sai an haɗa da kwamfuta, kuma tana da man giya nata na musamman. Zuba mata kowane iri domin sauƙin kuɗi na gaggauta mutuwarta.

A wasu injinan farko na M272 mai silinda shida, haƙoran sandar da ke rage girgizar inji na saurin cinyewa. Kayan ba wani babba ba ne, amma sai an sauke injin kafin a kai gare shi, don haka kuɗin aikin ke da nauyi.

Ruwa da ƙura

Yanayin yankin na ƙara wa matsalolin tsanani. Kogin Haɗejiya kan yi ambaliya a ƙarshen damina, musamman da kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A 2020 da 2022 ruwa ya mamaye gonaki, gidaje da hanyoyi a yankunan Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri.

C300 kuwa gajeriya ce, cikinta na kusa da ƙasa. Idan direba ya kutsa ruwa mai zurfi inji ya zuƙe shi ta hanyar iska, sandunan fistin na iya lanƙwashewa nan take, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Daga nan sai zancen sauke inji ko sayen wani. Ko injin ya tsira, damshin da ya shiga wayoyi da akwatunan lantarki kan dawo bayan makonni: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta ƙi mutuwa.

Da rani kuma ƙura ke toshe matatar iska, zafi na busar da robobin inji har bakin mai ya fara yoyo, ramukan hanya na cinye shokozoba da robobin ƙafa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Juyen bakin mai kaɗai na cin kusan lita 8, kuma mai inganci motar ke so. Kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, saboda haka dala ke yanke farashi. Kafin a saki darajar naira a Yunin 2023, dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500.

Sai kuma nisa. Idan ba a samu kayan ko ƙwararren mai kwamfuta a gari ba, dole a aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokacin har Ladipo a Legas. Motar da ta ƙi tashi sai an biya kuɗin ɗaukarta, ga kwanakin da za ta yi a gareji. Mafi tsada shi ne gyaran lalube, inda makanike zai yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya yana neman inda cutar take.

Kafin a biya kuɗi

Mai son saye ya sa a duba motar da kwamfuta kafin ciniki. Ya bincika tarihinta da lambar VIN, domin akwai motocin da ambaliya ta lalata a Amurka aka yi gwanjonsu. Ya ɗaga kafet ya duba tsatsa, laka ko warin damshi, ya kuma tuƙa ta har inji ya yi zafi don jin yadda giya ke shiga.

Wanda ya riga ya saya, idan motar ta mutu a cikin ruwa kada ya sake tayar da ita, a jawo ta zuwa gareji. Wanda kuma kuɗinsa kaf zai ƙare a kan sayen, ba tare da ya ware na gyaran shekarar farko ba, gara ya dakata tukuna.