Yanar ido ba ta tsofaffi kaɗai ba ce

A cikin kowane ido, a bayan ɗigon baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garau wanda haske yake ratsawa. Idan madubin ya dushe, mutum yakan riƙa gani kamar cikin hazo. Wannan ita ce yanar ido. Ba ta da zafi, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin makafi 100 masu shekara 40 zuwa sama, yana ce ta makantar da 43.

Yawanci tsufa ne ke kawo ta. Amma idan ta kama yaro ko wanda yake cikin ƙarfinsa, akwai dalili, kuma sau da yawa ana iya kauce masa.

Abubuwan da ke kawo ta da wuri

• Rauni. Karan dawa lokacin girbi, ƙaya, tsartsuwar itace wajen faskare, danƙon harbi, ko bulala da ta sami ido. Yanar takan fito cikin 'yan kwanaki, ko bayan shekaru.

• Magunguna. Dexamethasone da prednisolone da ire-irensu suna kawo yana idan aka daɗe ana amfani da su. Wasu iyaye sukan sayi na ɗigawa a kemis saboda ƙaiƙayin idon yara, su yi watanni suna ɗigawa. Wasu kuma sukan sha ƙwayar don su yi ƙiba.

• Ciwon suga. Idan suga ya daɗe yana hawa, madubin yakan dushe tun kafin lokacinsa.

• Hayaƙi da rana. Shan taba, yawan shan giya, hayaƙin murhu a rufaffen ɗaki, da shekarun aiki cikin rana tsaka, duk suna ƙara haɗarin.

• Ciki da gado. Idan mace ta kamu da ƙyandar Jamus a watanni uku na farkon ciki, ana iya haifar jaririn da yana. Takan kuma bi jini a wasu iyalai.

Me za mu yi?

Kada a ɗiga wa ido maganin da ma'aikacin lafiya bai rubuta ba. A sa malafa a gona. A yi girki a waje, ko a buɗe taga. Mai ciwon suga ya je a duba idonsa sau ɗaya a shekara. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda da ƙyandar Jamus, wadda Najeriya ta fara bayarwa a haɗe a 2025.

Uwa, ki duba idon jaririnki. Idan kin ga fari a tsakiyar baƙin, ki kai shi asibiti a makon nan. Kada a ce sai ya girma, gama idon da bai koyi gani tun yana jariri ba, da wuya ya koya daga baya. Farin yana iya zama alamar wata cuta mai tsanani ma.

Babu ganye ko tozali da ke wanke yana. Masu yawo ƙauyuka suna tura ta cikin ido da tsinke sukan bar mutum da makantar da ba ta gyaruwa. Maganinta ɗan gajeren aiki ne: likita ya cire madubin da ya dushe, ya sa na roba. Ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin jihohi da dama.

Don tattaunawa

• Wa muka sani wanda ganinsa ya ragu tun bai tsufa ba?

• Ta yaya zumuntar mata ko ta matasa za ta taimaka masa da kuɗin mota da ɗan rakiya?