Tsibiran Hebrides: inda harshen Gelik ke fafitikar rayuwa

A arewa maso yammacin Sikotland, cikin tekun Atlantika, akwai wani jerin tsibirai da ake kira Hebrides na Waje. Tsawonsu ya kai kimanin kilomita 210, daga Lewis a arewa har zuwa kudu da Barra. Tsibirai 15 ne kawai ke da mazauna, jama'arsu kuma ba ta wuce 26,000 da ƴan kai ba. Stornoway shi ne babban gari.

Ƙasa ce mai iska da ruwan sama, itatuwa ƙalilan ne. Galibin ƙauyuka suna bakin teku, inda kowane gida ke da ɗan fili na noma da kiwon tumaki. Daga gashin tumaki ake saƙa sanannen yadin nan Harris Tweed, wanda wata doka ta 1993 ta ce sai a gidajen mazauna tsibiran za a saƙa shi.

Mutane sun daɗe a wurin: duwatsun Callanish da aka kafa a tsaye sun kai shekaru 5,000. Sarakunan Norway sun mallaki tsibiran har zuwa 1266, lokacin da suka koma hannun Sikotland.

Ƙarni na 19 ne ya fi yi wa jama'a illa. Masu filaye sun kori manoma don buɗe manyan wuraren kiwo, dubbai suka yi hijira zuwa Kanada. Dokar ilimi ta 1872 kuma ba ta bai wa harshensu na Gelik gurbi a makarantu ba. A 1930, mutum 36 da suka rage a tsibirin St Kilda sun nemi a kwashe su.

Yau waɗannan tsibirai ne babban sansanin Gelik, amma yana ja da baya. A ƙidayar 2011, kashi 52 cikin 100 na mazauna suna magana da shi; a 2022 sun koma kashi 45. Matasa na tafiya birane neman aiki da karatu.

Jama'a dai ba su naɗe hannu ba. A 2006 mazauna Uist ta Kudu sun sayi ƙasar da suke zaune a kai. Tun 2020 kuma, yaran da ke shiga firamare da Gelik suke fara karatu, sai in iyaye sun zaɓi Ingilishi. Abin da ya rage shi ne ko yaran za su samu aikin da zai zaunar da su gida.