Abin da ya sa Zargina suka fi son wasu hanyoyi

Duk falken da ya taɓa sayar da shanu a karar Adumri, ya kamo hanyar Garwa da kuɗi a lalita, ya san akwai wuraren da in mota ta kai, hira sai ta mutu. To, me ya sa nan ɗin, ba can ba?

Masana zaman jama'a sun daɗe da wannan tambaya. A 1942 wasu malamai biyu, Shaw da McKay, suka wallafa bincikensu a kan birnin Shikago na Amurka. Sun tarar akwai unguwannin da laifin samari bai raguwa, alhali ƙabilun da ke zaune ciki sun sauya sau da yawa. Watau wata ƙabila ta tashi, wata ta zo, ɓarna tana nan. Ashe halin wurin ne: talauci, yawan ƙaura, maƙwabci bai san maƙwabci ba, balle ya tsawata wa ɗansa.

Mu dawo gida. 'Yan tare hanya da ake kira Zargina sun addabi arewacin Kamaru a shekarun 1990, lokacin da bindigogin yaƙin Cadi suka bazu, aka kuma karya darajar sefa a 1994. Malam Saibou Issa, masanin tarihi, ya yi littafi a kansu a 2010. Dubi Mayo-Rey, wajen Tuboro da Mbaimbum: ga iyakar Cadi, ga ta Afirka ta Tsakiya, ga dajin Buba Njida babu mazauna. Ɗan fashi ya yi ta'asa ya tsallaka, jandarma ya tsaya a bakin iyaka. Ga kuma ranar kasuwa, wadda kowa ya sani, har ɓarawo. Cinikinmu kuwa hannu da hannu ne, ana ƙirga kuɗi a bainar jama'a, wani na gefe yana kallo.

Shi ya sa ni ban yarda da masu ɗora wa ƙabila guda laifin nan ba.

Da gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001, aka riƙa tsaron manyan hanyoyi, fashin ya ragu a kan kwalta, amma sai ya koma rugage. Aka shiga sace 'ya'yan makiyaya ana neman fansa. Mai garke ya koro shanunsa kara cikin gaggawa, ya sayar yadda ta kama, wasu ma suka kwashe sauran dabbobin suka bar yankin ɗungurungum.