Tsaunin Mambila da Dajin Gashaka-Gumti: Abin da ya kamata maziyarci ya sani kafin ya kama hanya

A kudu maso gabashin Jihar Taraba, daf da iyakar Najeriya da Kamaru, akwai wurare biyu da suke maƙwabtaka da juna waɗanda babu kamarsu a faɗin ƙasar nan. Na farko shi ne Tsaunin Mambila, shimfiɗaɗɗen tudu mafi bisa a Najeriya, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Na biyu kuwa Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti ne, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin da ke hannun Gwamnatin Tarayya. A duk lokacin da aka yi taro kan bunƙasa yawon buɗe ido, da wuya a tashi ba a ambaci sunayensu ba. Sai dai masu ambaton sun fi masu zuwa yawa nesa ba kusa ba, kuma da dama daga cikin waɗanda suke zuwa sukan je ne da zaton za su tarar da wurin shaƙatawa irin na birni, mai manyan otal da motocin zagayawa. Ba haka abin yake ba. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da ke gudanar da rayuwarsu, kuma wanda ya fahimci haka tun daga gida shi ne zai ci moriyar tafiyar.

Hanyar da aka fi bi takan taso ne daga Jalingo, babban birnin jihar, ta bi ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin take. Daga Serti sai Mayo Selbe, garin da ke gindin tsaunin. A nan ne hawa yake farawa: titi ya dinga murɗawa yana lanƙwasa a jikin dutse, kwazazzabo na gefe guda, har a ɓulla Maisamari a can bisa, sannan Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Tafiya ce ta yini guda, kuma ba a so dare ya riski matafiyi a kan hawan. Direban da bai saba da irin wannan titi ba gara ya bar wa 'yan gari sitiyari, musamman wajen saukowa, inda dogon taka birki kan sa ya yi zafi ya daina kamawa.

Abin da baƙo zai fara ji a jikinsa shi ne sanyi. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: a duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 zuwa 7 a ma'aunin Salsiyos. Tsakanin Mayo Selbe da saman tsaunin akwai hawan da ya zarce mita 1,000, don haka wanda ya bar ƙasa yana sharce gumi zai iso sama yana laluben rigar sanyi. Da rana zafi bai cika wuce digiri 25 ba, da dare kuwa sai an haɗa da bargo. Ko birnin Jos, da aka sani da sanyi, yana kan tsayin kimanin mita 1,200 ne kawai. Wannan sanyin ne ya sa ƙudan tsando bai samu wurin zama a saman tsaunin ba, shi ya sa shanu suke ƙiba suna yaɗuwa, har Mambila ta zama ɗaya daga cikin manyan matattarar kiwo a ƙasar nan. Shi ne kuma ya sa ganyen shayi da kofi da dankalin turawa da fiya suke yi a can.

Gonar shayi ta Kakara na cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa. A nan ake noma da sarrafa ganyen shayin Highland Tea, kuma ganin layukan shukar sun lulluɓe tuddai kore shar, ga mata da maza suna tsinkar sabon toho da kwanduna a baya, abu ne da mutumin Kano ko Sakkwato ba zai yi zaton akwai shi a ƙasarsa ba. Wurin aiki ne, ba filin wasa ba, saboda haka ana neman izinin masu kula da shi kafin a shiga ko a ɗauki hoton ma'aikata.

Kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, akwai kurmin Ngel Nyaki, ragowar irin dajin da ke tsirowa a kan tsaunuka, wanda ya yi saura a jikin gangare bayan ciyawa ta mamaye mafi yawan tudun. Akwai tashar bincike a bakinsa, ƙarƙashin wani shiri da Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyuzilan ta jagoranci kafawa, inda ɗaliban jami'o'in Najeriya da matasan ƙauyen suke nazarin itatuwa da tsuntsaye da birai. Ga mai son tafiyar ƙafa ta 'yan sa'o'i ba tare da wahala mai yawa ba, babu inda ya fi nan. Itatuwan turaren da ake gani jere a kewayen garuruwan tsaunin kuwa ba na asalin wurin ba ne, shigo da su aka yi domin katako da makamashi.

Wanda ƙarfinsa ya kai, akwai Chappal Waddi, da ake kuma kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Yana cikin gandun dajin ne, a kan iyaka da Kamaru, kuma masu hawansa sukan bi ta ƙauyen Njawai. Ba hawan igiya ba ne, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, da kwana a tanti ko a rugage, da tsallake rafuka. Ana buƙatar izinin hukumar gandun da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya, kuma hazo kan sauko a rufe hanya cikin 'yan mintoci. A nan ne tsofaffin motocin Land Rover da aka san Mambila da su suke nuna amfaninsu, domin su da babura ne kaɗai ke iya kai mutum ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba.

Gashaka-Gumti wata duniya ce daban. An kafa shi a matsayin gandun ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ta hanyar haɗe wuraren kare namun daji na Gashaka da Gumti. Ɓangaren Gumti da ke arewa, a Adamawa, fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka da ke kudu kuwa duwatsu ne da kurmi da koguna. A cikinsa akwai ɓauna da gwanki da mazo da gadu da damisa da ɗankunya, ga dorina a wani gurbi na Kogin Kam, ga tsuntsaye sama da iri 500. Abin da ya fi ɗaukaka sunansa a wajen masana shi ne birin cimfanzi, irin wanda ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, kuma wannan daji na cikin mafakarsa mafi muhimmanci da ta rage. Amma kada mai karatu ya ɗauka zai zauna cikin mota dabbobi su yi ta gilmawa kamar yadda ake nunawa a finafinan Kenya. Kurmi yana ɓoye abin da ke cikinsa. Mutum na iya yin yini yana tafe bai ga komai ba sai sawu da kashi da sheƙar da cimfanzi ya kwana a kan itace, sannan washegari da asuba garken gwaggon biri ya tare masa hanya. Mai gaggawa ba ya jin daɗin Gashaka.

Akwai tarihi ma a wurin. A kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka har yanzu ana ganin kufan sansanin da Jamusawa suka gina, domin wannan yanki duka yana cikin Kamarun Jamus ne kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin ya koma ƙarƙashin kulawar Birtaniya, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya. Aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna domin girmama Sir Ahmadu Bello, kuma daga nan ƙaramar hukumar ta gaji sunanta. Wannan tarihi ne ya sa baƙo zai tarar da ƙabilu iri-iri a tsaunin, Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa. Hausa za ta fisshe shi a tasha da kasuwa, amma Fulatanci ne harshen da ya fi haɗa jama'a a ƙauyuka, kuma gaisuwa ko da kalma biyu ce a cikinsa tana buɗe ƙofa.

Batun lokaci shi ne inda masu shiri suka fi yin kuskure. Damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan yana da yawa. A lokacin ne tsaunin ya fi kyau a hoto, amma a lokacin ne hanyoyin ƙauye suke zama taɓo, koguna su cika, shiga can cikin Gashaka ya yi wuya. Daga Janairu zuwa Maris hanyoyi sun bushe kuma dabbobi sun fi ganuwa a bakin ruwa, sai dai ciyawa ta yi ja, an ƙone wasu tuddan domin sabon toho, ƙurar hunturu kuma ta rage nisan gani. A ganina Nuwamba zuwa farkon Disamba ne tsaka-tsaki: ruwa ya ɗauke, kore bai gushe ba. Ko yaushe aka je, a tafi da tsabar kuɗi domin layin waya yana yankewa a wurare da yawa, a riƙe katin shaida tunda yankin iyaka ne, kuma kada sanyin Gembu ya sa a manta da gidan sauro, domin Serti da Gashaka ƙasa suke, da zafinsu da sauronsu.

Ba za a yi wa mai karatu adalci ba idan aka ɓoye masa cewa ƙasar tana da nata raunuka. Takaddama kan filin noma da kiwo ta daɗe a tsaunin, kuma a watan Yunin 2017 ta rikiɗe zuwa rikicin da ya ci rayuka da dukiya. Rikicin yankin masu magana da Turancin Ingilishi na Kamaru ya koro 'yan gudun hijira zuwa wasu garuruwan iyaka. Baƙo mai hankali yakan tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti ko wani ɗan gari amintacce kan halin da hanya take ciki kafin ya taso, yakan kai gaisuwa wurin mai gari ko arɗo kafin ya kafa tanti, kuma ba ya tsoma baki a zancen wane ne mai ƙasa. Shingen waya da zai gani a kan tuddai ba ado ba ne, iyakar makiyayar wani ce.

Shi kansa dajin yana fuskantar matsi: farautar sata, shigar da garkunan shanu ba bisa ƙa'ida ba, haƙar ma'adinai, da saran madobiya, itacen da 'yan katako ke kira Madrid, wanda aka yi ta lodinsa daga dazuzzukan Taraba zuwa ƙasashen waje. Illar ba ta tsaya kan birai ba. Kogunan Taraba da Donga, waɗanda suke cikin manyan masu ciyar da Binuwai, daga waɗannan tsaunuka suke tasowa, kuma kurmin ne yake riƙe ruwan damina yana sakinsa a hankali har cikin rani. Idan aka share shi, manomin rani da masunci a can ƙasa za su ji a jikinsu. Madatsar wutar lantarki ta Mambila ma, wadda da farko aka tsara za ta samar da megawat 3,050 amma aka shafe shekaru da dama ana jiranta, a kan ruwan Donga aka ɗora lissafinta.

A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors domin tafiyar da Gashaka-Gumti tare, kuma an ɗauki matasan garuruwan kewaye aikin gadin daji. A nan ne kuɗin maziyarci yake da tasiri fiye da yadda yake zato. Akwai ƙauyuka da rugage da doka ta amince su zauna a cikin gandun, kuma mutumin da aka hana shi farauta da sara dole ya samu wata hanyar ci. Wanda ya biya kuɗin shiga ya karɓi rasit, ya ɗauki ɗan jagora da masu dako daga ƙauyen da ya sauka, ya sayi zuma da madara da ayaba a hannun masu su, kuɗinsa ya tsaya a inda dajin yake. Wanda kuwa ya sayi naman daji a bakin titin Bali zuwa Serti, ko ɗan biri a keji, ya biya mafarauci ladan komawa gobe. Dokar gandayen daji ta 1999 ta haramta farauta da sara da ɗaukar tsiro ko dabba daga cikin gandun, kuma ba a shiga sai da rakiyar ma'aikacin hukumar.