Daga Daurama Zuwa Majalisar Ruwanda: Ina Matan Kunduru Suke?

Duk ranar zaɓe a Kunduru da ƙauyukan Kankiya da Kusada, mata kan yi dogon layi cikin rana, wata da goyo, wata ta bar tukunya a murhu. Amma in aka zo rabon kujeru, daga kansila har majalisar dokoki, da wuya mu ji sunan mace. In mun tambaya sai a ce mana ai ba al'adarmu ba ce. To, jama'a, bari mu tambayi tarihi.

A nan Jihar Katsina, labarin kafuwar ƙasar Hausa ya nuna mata ne suka fara sarautar Daura, tun daga Kufuru har zuwa Magajiya Daurama, wadda a zamaninta Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu. A Zazzau an yi Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake kiran wasu ganuwoyi da sunanta. Katsinawan Maraɗi sun riƙe sarautar Iya, Gobirawa kuma ta Inna, mata masu faɗa a ji a fada. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari sojojin Faransa da yaƙi.

Sauye-sauyen ƙarni na 19 da mulkin En'e na Turawa sun rage wa mata wannan matsayi. Da aka sami 'yancin kai a 1960, matan Kudu suna jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa sai a 1976 suka fara. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan haƙƙi.

Ƙasar Ruwanda, can Gabashin Afirka, ita ma tana da irin wannan gado. Sarkinsu na dā ba ya mulki shi kaɗai, sai tare da uwar sarki, wadda suke kira Umugabekazi. A 1993 suka sami Firayim Minista mace, Agathe Uwilingiyimana, wadda aka kashe ranar 7 ga Afrilu, 1994, a farkon kisan ƙare-dangin da ya ci rayuka wajen 800,000. Da ƙura ta lafa, mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rage, su suka ɗauki nauyin gonaki da marayu. Tsarin mulkinsu na 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na muƙaman hukuma, da kujeru 24 cikin 80 na majalisar wakilai. A 2008 mata suka kai 45, abin da ba a taɓa gani ba a duniya. A 2024 sun sami 51. Mu kuwa a zaɓen 2023 mata ba su kai 20 ba cikin kujeru 360.

Bambancin a fili yake. Su sun mai da gadonsu doka, mu mun bar namu a tatsuniya.

Ba sai mun jira Abuja ba. Matan da ke riƙe adashi ba tare da kwabo ya ɓata ba, da masu shugabancin Zumuntar Mata da makarantun Islamiyya, sun riga sun nuna za su iya. Su ne suka san nisan rijiya da halin da asibitin haihuwa ke ciki. Saura ga iyaye su bar yarinya ta gama sakandare kafin aure, magidanta su bar matansu su halarci taron mazaɓa, mata kuma su daina sayar da ƙuri'a don sabulu da turmin atamfa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu shugabanni nagari, maza da mata.