DARASIN SHIRIN FUNTUWA: TARA ALƘALUMA DABAN, SANIN MA'ANARSU DABAN

Duk lokacin da Gwamnati za ta raba taki, ko za ta yanke shawarar inda za a gina rumbun ajiya, akwai wata takarda da a ke dubawa tukuna. A cikinta a ke samun yawan manoma, da faɗin gonakinsu, da abin da su ka girbe bara. Waɗanda su ke haɗa ta kuwa su ne ma'aikatan bincike na Gwamnati, watau masu shiga ƙauye da tambayoyi, da masu zama a ofis su na tace amsoshin. Idan sun ƙware, shawara ta kan faɗa daidai. Idan kuwa da saura, kuɗin jama'a ne zai tafi inda bai kamata ba.

A ƙasar Hausa da wuya a sami wurin da a ka gwada wannan aiki kamar yankin Funtuwa da Malumfashi. A shekarar 1975 a ka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, waɗanda su ka koma ƙarƙashin Jihar Katsina da a ka ƙirƙiro ta a 1987. An gina hanyoyin karkara, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, masara kuma ta zama amfanin sayarwa a ƙasar da a ka sani da dawa da auduga. Bugu da ƙari, an kafa wani ofishin Tarayya a Kaduna mai suna APMEPU, domin ya riƙa auna sakamakon waɗannan shirye-shirye ta hanyar aika masu ƙididdiga cikin ƙauyuka.

Tun kafin wannan, masana daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun riga sun nuna amfanin iya tambaya. A farkon shekarun 1970 wata ƙungiyar bincike da ta haɗa da David Norman ta yi aiki da manoman auduga a Daudawa. Shawarar hukuma a lokacin ita ce a shuka auduga a tsakiyar watan Yuni, amma yawancin manoma ba sa shukawa sai cikin Yuli, har wasu ma'aikata su na ɗaukar abin a matsayin taurin kai. Da a ka bi gidaje a ka lissafta kwanakin aikinsu, sai ta bayyana cewa daidai wannan lokaci ne a ke noman dawa da gero, kuma magidanci ba zai bar abincin iyalinsa cikin ciyawa ya tafi auduga ba. Ashe manomi ya yi lissafinsa tun kafin mai bincike ya iso. Abin da ya gano haka kuwa shi ne haƙurin zama da mutane, da sanin abin da ya kamata a auna.

Gwaninta ta farko da a ke bukata ita ce ta awo. Manomin wannan yanki da dami da buhu da tiya ya ke lissafi, takardar Gwamnati kuwa hekta da tan ta sani. Domin a gane amfanin gona, a kan keɓe ɗan fili a cikinta, a girbe shi, a auna. A ce filin mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi. Sai an ninka shi sau 100 kafin a sami hekta ɗaya. Saboda haka in ma'aikaci ya haɗa da kunyar da ke bakin iyaka, ko ya auna masara ba ta gama bushewa ba, ya yi kuskuren tiya ɗaya tak, to kuskuren ya zama tiya 100 a kowace hekta, watau wajen buhu biyu da rabi. In a ka ninka wannan da gonakin ƙaramar hukuma guda, sai a ba da labarin yalwa a shekarar da babu ita. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa wannan hanya ta kan kumbura alƙaluma idan ba a horar da mai awon sosai ba. Haka nan gonar da a ka haɗa dawa da gero da wake a cikinta ta na bukatar ƙa'ida ta musamman kafin a ce ga faɗin da kowane amfani ya ci.

Ta biyu ita ce ta zaɓen waɗanda za a tambaya. Ba zai yiwu a zagaya kowane gida ba, sai dai a ɗebi kaɗan su wakilci saura. To, in ma'aikaci ya tsaya ƙofar mai gari ya ce a kirawo masa manoma, waɗanda za a kawo masa manyan gari ne, kuma ƙauyen bakin titi ne zai fi ganin babur ɗinsa. Ɗaya daga cikin sukar da masu nazari su ka yi wa Shirin Funtuwa ita ce manyan manoma da waɗanda a ka kira masu ci-gaba su ne su ka fi samun ziyarar malaman gona. Mai binciken da ya bi sawun waɗannan kaɗai zai dawo da labarin da ba na talaka ba.

Ta uku ita ce ta sanin mutane. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna tun 1979, amma har yanzu baƙon da ya zo da biro ya na tambayar yawan shanu ba ya samun amsa nan take. Uwa ta kan ji kunyar ambaton ɗanta na fari. Dattijo ya kan tuna haihuwar ɗansa da shekarar fari ko ta naɗin hakimi. Namiji ba ya shiga gidan kulle, alhali a can ciki a ke kiwon awaki, a ke ƙuli-ƙuli, a ke riƙe da wani kaso na dukiyar gida. Ofishin da ba shi da mata masu horo ya rasa rabin labarin tun bai fita ba.

Amma giɓin da ya fi girma ya na cikin ofis, wurin tace alƙaluma da fassara su. A zamanin Shirin Funtuwa, 'yan ƙasa ne ke yawo ƙauyuka su na cika takardu, manyan muƙaman tsarawa kuwa da yawansu su na hannun ƙwararrun da a ka ɗauko daga waje. Batun ba baƙi manyan muƙamai ya na cikin abubuwan da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa, wadda ta hau a 1979, ta ja da Bankin Duniya a kansu lokacin da a ke maganar faɗaɗa shirin zuwa duk Jiha. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan taƙaddama, tambayar da ta taso ba ta tsufa ba: in baƙo ya tafi, wa ya iya aikin?

Yanzu kayan aiki sun sake. A ƙidayar manoma ta ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Tarayya ta gudanar a 2022, wadda ita ce ta farko cikin kusan shekara 30, da ƙananan kwamfutocin hannu a ka ɗauki amsoshi. Na'urar GPS ta na auna gona cikin 'yan mintoci, kuma gwaji a ƙasashen Afirka ya nuna cewa masu ƙananan gonaki su kan faɗi fiye da abin da su ke da shi, masu manya kuwa su kan rage. Sai dai na'ura ba ta gyara tambayar da a ka tsara a karkace. Har ila yau, rashin tsaron da ya addabi Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a shekarun baya ya sa wasu ƙauyuka sun yi wuyar shiga, kuma rahoton kirki dole ne ya faɗi inda ba a je ba, maimakon a cike gurbin da ƙiyasi a yi shiru.

Gyaran bai fi ƙarfin Jiha ba. Ya kamata ma'aikatu su riƙe ƙwararrunsu a sashen bincike, su buɗe musu hanyar ƙarin girma a nan, maimakon a mai da sashen wurin jiran canjin aiki. Ya kamata a riƙa tura su ƙaro ilmi a Samaru da jami'o'in Katsina da Dutsin-ma, kuma duk ƙwararren da a ka ɗauko haya a sharɗanta masa ya koyar da na gida, ya bar musu alƙaluman da a ka tara. Ɗalibai masu karatun tattalin arziki da zamantakewa kuwa, su daina gudun darasin ƙididdiga, su kuma nemi damina ɗaya su yi ta a ƙauye da igiyar awo a hannu. Manomin Bakori ya san damin da ya ɗaure bana. Abin da ya rage shi ne Gwamnati ta sami ma'aikacin da zai iya jin wannan lissafi daga bakinsa, ya kai shi Katsina ba ƙari ba ragi.